Girman Mota Ko Yawan Sawu: Lissafin Safa a Hanyar Nyanya da Mararaba

Wanda ke kwana a Mararaba ko Ado ko Masaka, yana aiki a cikin birnin Abuja, agogonsa daban yake da na sauran jama'a. Ana sallame sallar asuba yana bakin titi, wani ma a ofis zai rama ta. Idan ya yi jinkirin minti ashirin, to ya sayi awa biyu a cikin cunkoson da ke farawa daga gadar Mararaba, ya bi ta Nyanya, ya hau tudun Kugbo, har ya sauka shataletalen AYA. Tasi ta tsaya, mutum goma su yi kanta, shida su samu shiga: huɗu a baya, biyu a gaba an ɗora wani kan cinyar wani. Sauran su koma gefe suna gyara riga.

Duk sanda aka yi maganar wannan hanya, amsar da ke fara fitowa daga bakin jama'a da na hukuma ɗaya ce: a kawo manyan motoci. Wasu su ce safa mai ɗaukar mutum tamanin, wasu su ce ai a waje akwai mai gwiwa a tsakiya wadda ta kai tsawon tirela, wasu kuma su ce a kawo mai bene irin ta Landan. Maganar tana da hujja. Sai dai an riga an gwada ta a wannan hanyar ba sau ɗaya ba, kuma mutane na nan tsaye a bakin titi. Ni a ganina girman mota shi ne tambayar ƙarshe a wannan lissafi, amma kullum ita ake fara amsawa, don ita ce kaɗai ake iya jerawa a fili a yanka zare a ɗauki hoto.

Matsalar ta samo asali ne daga yadda birnin ya zauna. An zana Abuja a 1979, gwamnati ta tare a ƙarshen 1991, ofisoshi suka taru a tsakiya, kuɗin haya ya kori ƙananan ma'aikata zuwa gefe. Rusau ɗin da aka yi lokacin da Nasiru El-Rufai yake minista, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara tura jama'a Kubwa da Lugbe da Gwagwalada da Zuba, da kuma garuruwan jihar Nasarawa da ke kan hanyar Keffi. Aka wayi gari aiki na wuri ɗaya, makwanci na wani wuri, titin da ya haɗa su kuma ƙwaya ɗaya. A 2006 aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni, aka dogara da dogayen motocin da har yau mutane ke kira motar El-Rufai. A 2012, bayan zanga-zangar janye tallafin mai, gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi shelar bas 1,600 don rage wa jama'a raɗaɗi a faɗin ƙasa. A watan Yunin 2013 kuma, zamanin minista Bala Mohammed, aka hana ƙananan bas-bas ɗin nan da ake kira araba shiga cikin gari, aka ce manyan motoci za su maye gurbinsu.

Kafin a ga inda aka yi tuntuɓe, ya kamata a ba masu son babbar mota haƙƙinsu, domin lissafinsu na farko daidai yake. A ƙaddara mutum 6,000 ne ke son wucewa ta Nyanya zuwa cikin gari a awa ɗaya ta sassafe. Wannan adadi misali ne kawai na ɗauka don sauƙin rabawa. Idan tasi mai cin mutum shida za ta kwashe su, sai an yi tasi dubu. Idan araba mai mutum 18 ce, sai an yi 334, wato mota ɗaya duk daƙiƙa goma sha ɗaya. Safa mai tsawon mita 12 da ke ɗaukar mutum 80, na zaune da na tsaye, guda 75 sun isa. Mai gwiwa, mai tsawon mita 18 da mutum 140, guda 43. A jera su baki da wutsiya a kan kwalta: tasi dubu za su ci fiye da kilomita huɗu, araba fiye da ɗaya da rabi, safa ba ta kai ɗaya ba. Kuma kowace ƙaramar mota da nata tsayawar, da nata kutsen, da nata neman fasinja a tsakiyar hanya. Babu mai hankalin da zai ce ƙananan motoci ne maganin titin da ya cika ya batse.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mota ba ta ɗaukar mutane da girmanta kaɗai; da sawunta take ɗauka. Kowane direban haya ya san wannan, shi ya sa da dare ba ya cewa mutum nawa na ɗauka, sai dai sawu nawa na yi. Mu koma kan safa 75 ɗin nan da dole su wuce a kowace awa. Idan zuwa da dawowa, haɗe da lodi da saukewa, yana cin awa biyu da rabi saboda goslo, to motar da ta tashi ƙarfe shida ba za ta sake lodi ba sai takwas da rabi. Ke nan sai an mallaki mota kusan 188 kafin a riƙe wannan jigilar. Aka ce to a sayi mai gwiwa: za a buƙaci kimanin 108. An rage, amma kowace ɗaya ta fi tsada nesa ba kusa ba. Yanzu a bar motar yadda take, safa ta gama-gari, a ware mata layi guda a titin wanda babu mai shiga sai ita, zuwa da dawowa ya koma awa ɗaya. Mota 75 sun gama aikin. Wato layin da aka ware ya rage yawan motocin da za a saya fiye da yadda ƙara musu tsawo ya rage, kuma fasinja ya isa aiki da wuri, abin da mai gwiwar da ta maƙale a tudun Kugbo ba za ta ba shi ba. Babbar mota a cikin goslo ba ta da wani fifiko kan ƙarama, illa dai ta tara mutane da yawa a wuri ɗaya suna zufa tare.

Garuruwan da aka san su da dogayen motoci duk ta nan suka fara. A Kuritiba ta ƙasar Birazil, magajin gari Jaime Lerner ya ware wa bas hanyarsu tun 1974. Sai da jama'a suka cika waɗannan hanyoyi aka kawo masu gwiwa, sai a 1992 aka kawo masu gwiwa biyu da ke ɗaukar mutum fiye da 250. Shekara goma sha takwas ke nan tsakanin hanya da ƙatuwar motar da ake nunawa a hoto. Bogota ta Kolombiya ta buɗe nata tsarin a ƙarshen shekarar 2000 da motoci masu ɗaukar 160, amma da hanyar kankare da tashoshi a tsakiyar titi suka zo rana ɗaya. Legas ma da ta buɗe layin Mile 12 zuwa CMS a watan Maris na 2008, ba da wasu motoci na musamman ta fara ba. Safa ce irin wadda kowa ya sani, abin da ya bambanta shi ne dakalin kankare da aka shata mata a gefen titin Ikorodu. A Abuja an kawo motar, an kori kishiyarta, amma aka sake ta cikin tasi da motocin gida da tirelolin da ke gangarowa daga Keffi.

Abu na biyu da ba a cika kula da shi ba shi ne ƙofa. Idan mutum 80 za su shiga ta ƙofa ɗaya, kowa ya miƙa kuɗi, kwandasta ya yagi tikiti, a yi cacar baki kan canji, a ce kowane mutum ya ci daƙiƙa huɗu, lodi ya haura minti biyar. Amma lissafinmu na buƙatar mota ta tashi duk daƙiƙa 48. Sai an sami fili da mota bakwai za su riƙa lodi a lokaci guda, in ba haka ba motocin da kansu za su yi layi suna jiran juna, su toshe titin da aka kawo su su buɗe. Mai gwiwa kuwa, in aka bi da ita ta ƙofa ɗaya, lodinta ya wuce minti tara. An ƙera ta ne da ƙofa uku ko huɗu don a shiga ta ko'ina, a gama cikin minti ɗaya. Hakan ya fi sauƙi in an biya kuɗi tun kafin motar ta iso, a cikin tasha mai shinge, kamar bututun gilashin nan na Kuritiba da ake biya a bakinsa, kuma daɓensa daidai yake da na motar, ba hawa ba sauka.

Landan ta gwada buɗe duk ƙofofin ba tare da shinge ba. A farkon shekarun 2000 ta kawo masu gwiwa ƙirar Mercedes, aka amince kowa zai biya da kansa. Masu shiga ba biya suka yi yawa har aka riƙa yi wa motar laƙabi da bas ɗin kyauta, masu keke kuma suka yi ta ƙorafin tana matse su a kwana. Boris Johnson ya yi yaƙin neman zaɓen magajin garin Landan da alkawarin kawar da su, kuma zuwa Disambar 2011 babu ko ɗaya a titin birnin. An kai wasu tsibirin Malta, inda tituna suke ƙanana, a 2013 wasu suka kama da wuta aka janye su gaba ɗaya. Irin motar nan kuwa tana aiki lafiya ƙalau a biranen Jamus har gobe. Ba ƙirar ce ta gaza ba, wurin ne bai dace da ita ba.

Sai kuma al'adarmu ta tasha, wadda a nan ne nake ganin babbar mota ta fi shan kashi. Mu ba mu san mota ta tashi da agogo ba; sai ta cika. Ɗan kamasho na ihun saura mutum biyu, direba na taka totur yana ja gaba kaɗan yana dawowa don a ɗauka tafiya za a yi. Wannan tsari ya dace da ƙaramar mota kamar an auna. Da sassafe ba a ganin aibinsa, komai girman mota nan take take cika. Amma ƙarfe goma sha ɗaya na safe fa, lokacin da ma'aikata sun wuce, saura 'yan kasuwa da masu zuwa asibiti? A ce mutum 300 ne ke zuwa a awa. Araba za ta cika cikin ƙasa da minti huɗu. Safa sai ta yi minti 16. Mai gwiwa sai ta kusa rabin awa. Babu fasinjan da zai zauna a cikin ƙarfe mai zafi yana kallon tasi na wucewa. Zai sauka ya ƙara kuɗi ya tafi. Saukarsa kuma ta ƙara wa na ciki jira, su ma su sauka. Haka babbar mota ke rasa kasuwar rana, ta koma mai aikin awa uku da safe da awa uku da yamma, alhali bashin da aka sayo ta da shi ba ya hutun rana.

Maganin shi ne ta tashi a kan lokaci, ta cika ko ba ta cika ba. To wa zai ɗauki asarar kujerun da babu kowa? Direban da zai kai wa mai mota balas da dare ba zai ɗauka ba, kuma babu wanda zai ga laifinsa. Mutanen Bogota suna da suna ga irin rububin fasinja da direbobinsu ke yi a da, suna ce masa yaƙin kwabo. Abin da ya kashe yaƙin shi ne sauya hanyar biya: wani kamfani daban ke karɓar kuɗin fasinja ya zuba a asusu ɗaya, masu motoci kuma a biya su gwargwadon kilomitar da motarsu ta yi. Direba ya koma mai albashi, ba ruwansa da yawan wanda ya hau. Duk hukumar da ta sayi manyan motoci ba ta warware wannan ba, to ta sayi araba ce mai tsawon mita 12.

Hanyar bayan gari tana da wata lalura tata ta daban, wadda ta sa kwafo tsarin wani birni kai tsaye ke da haɗari. Jama'arta kamar ruwan bakin teku suke, mai cikowa da janyewa: da safe kowa ya nufi ciki, da yamma kowa ya nufi waje. Motar da ta shiga gari maƙil da mutane kusan wayam take dawowa, don haka kuɗin sawu ɗaya ne ke biyan man sawu biyu. Bayan haka, wanda ya hau a Masaka ba zai sauka a Ado ba. Sai Sakatariya ko Wuse ko Area 1. A tsakiyar birni irin Bogota kujera ɗaya tana iya cin fasinja uku ko huɗu kafin ƙarshen layi, wannan ya sauka wancan ya hau. A hanyar Keffi sau ɗaya ake sayar da ita. Wannan ya taɓa aljihu, ya kuma taɓa zaɓin ƙira.

Mai gwiwa an yi ta ne don gajeriyar tafiya mai yawan hawa da sauka. Kujerunta kaɗan ne, yawancin mutum 140 ɗin nan a tsaye suke. Kuma adadin da ke rubuce a takardar dillali abin a yi masa kallon tsanaki ne: wasu kamfanoni na lissafa mutum shida a kowace murabba'in mita, wasu har takwas, alhali masu tsara sufuri a Turai da huɗu suke aiki. Takwas a murabba'in mita ɗaya, a watan Maris na Abuja, na tsawon awa guda da rabi. Ka sa tsohuwa a ciki, ka sa mai goyo, ka sa matar da ba za ta yarda a matse ta tsakanin maza ba, ka ƙara da masu yankan aljihu. Waɗannan su ne ke fara guduwa su koma tasi, inda kuma 'yan fashin nan da ake kira wan-cans ke jiransu. Mota na iya cika a takarda, amma ta zama ta tace fasinjojinta saura majiya ƙarfi.

Don doguwar tafiya irin wannan, mai bene ta fi ma'ana a ƙa'ida. Tsawonta bai wuce na safa ba, amma tana ba mutum saba'in zuwa tamanin wurin zama, shi ya sa Hong Kong ke amfani da ita zuwa unguwanninta na nesa. Aibinta matakala: hawa da sauka na cin lokaci, ko da yake a hanyar da kowa ke sauka a ƙarshe wannan ba wani abu ba ne. Babbar damuwar tsayi ce. Ta haura mita huɗu, don haka sai an bi hanyar kaf an auna gadojin masu tafiya a ƙasa, da wayoyin lantarki da suka yi lilo, da allunan talla, da rassan itatuwa. Kuma kafaɗar titi da ta zaizaye ta karkata, wadda araba ke hawa ba tunani, ga mai bene abin tsoro ce.

Ƙasan motar ma abin dubawa ne. Na zamani ana yin su da daɓe ƙasa-ƙasa don sauƙin shigar tsofaffi da masu keken guragu, abu mai kyau, amma cikinsu na gogar tudun rage gudu irin wanda kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, kuma ruwan sama in ya kwanta a titi yana isa inji da wayoyi. Darussalam ta Tanzaniya ta buɗe layinta na Kimara zuwa Kivukoni a 2016 da motoci masu gwiwa, tsari mai kyau da aka yi ta yabo, amma garejinsu yana kwarin Jangwani inda ambaliya ke sauka. Ruwa ya sha shiga ya lalata motoci, waɗanda suka rage suka kasa ɗaukar jama'a, tashoshin suka koma wurin turereniya.

Akwai kuma wani dalili da ke sa Turawa son mai gwiwa wanda bai cika aiki a wurinmu ba. A can albashin direba shi ne kaso mafi girma na kuɗin tafiyar da bas, don haka duk abin da zai sa direba ɗaya ya ja mutum 140 maimakon 80 riba ce tsagwaronta. A nan lada ba shi da tsada. Abin da ke cin kuɗi shi ne motar kanta da ake saya da dala, da kayan gyaranta, da taya, da mai. Man ma akwai wani rashin adalci da aka daɗe ana yi wa manyan motoci ba a lura ba: dizal suke sha, kuma an daɗe da cire hannun gwamnati daga farashinsa, alhali tasi da araba suna shan fetur mai tallafi har zuwa 29 ga Mayun 2023, ranar da Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Shekara da shekaru ke nan gwamnati na roƙon mutane su hau babbar mota da baki, tana biya wa ƙaramar kuɗin mai da aljihu. Da dizal ya yi tashin gwauron zabo a 2022, ana kuma riƙe da kuɗin mota a ƙasa don talaka, kamfanin da ke da safa bai da zaɓi illa ya rage fita. Komawa iskar gas da ake yi yanzu na iya gyara wannan gefen, muddin akwai wurin ɗura ta kusa da gareji. In motar za ta yi awa biyu a layin gas, an sake cinye sawun da ake nema.

Gyara kuwa shi ne kabarin yawancin motocin gwamnati. Hayis ta lalace, kowane bakanike a Apo ya san cikinta, kayanta na nan a kasuwa sabo da na hannu. Safar da aka shigo da guda ɗari daga wani kamfani, wata ɗarin daga wani, kowace da irin injinta da giyarta, in abu ya karye sai an yi oda. Kafin ya iso sai a kwance na wata a ɗaura mata, wadda aka kwance ta zama gawa, haka har gareji ya cika da motocin da fentinsu bai ko dushe ba. Mai gwiwa ta ƙara da nata: faifan da ke haɗa gabanta da bayanta da rigar roba mai naɗewa, waɗanda ba a ƙera su a nan, ga ramin gyara da dole ya kai mita 18. Kuma ranar da ta tsaya a hanya, mutum 140 ne a bakin titi lokaci ɗaya. Shi ya sa masu harkar ke ware kusan mota ɗaya cikin goma a matsayin ta ko-ta-kwana, kuma suke sa kuɗin gyaran shekaru a cikin kwangilar saye tun farko.

Da aka hana araba a 2013, motocin kamfanin sufuri na birnin, AUMTCO, da na sauran 'yan kasuwar da aka ba lasisi ba su kai yawan da zai kwashe jama'a ba. Giɓin bai zauna wayam ba: tasi da motocin gida masu kabu-kabu suka cike shi. Aka kori mai ɗaukar 18 don a kawo mai ɗaukar 80, aka ƙare da mai ɗaukar shida. An gudu daga gara an faɗa wa zago. Ranar 14 ga Afrilun 2014 kuma bam ya tashi a tashar Nyanya da sassafe, ya kashe mutum fiye da 70, Allah ya jiƙansu, ya ƙone motoci da dama ciki har da manyan safa. Shingayen binciken da aka kafa bayan nan suka ƙara wa tafiyar tsawo. Kano ma ta ɗanɗani irin wannan gaggawar a ƙarshen 2022, lokacin da aka hana a daidaita sahu bin wasu manyan tituna saboda an kawo bas-bas na Kanawa, ba a je ko'ina ba aka janye dokar.

Ƙaramar mota ba abokiyar gaba ba ce, wurin aikinta ne aka rikita. Safa ba za ta shiga lungunan Mararaba ko cikin Karu ko Jikwoyi ba, kuma bai kamata ta gwada ba. Aikin keke da araba ne su tattaro mutane daga unguwa su kawo su bakin babban titi. Sai dai a sani, duk canjin mota haraji ne a kan fasinja: ya sake jira, ya sake biya. In bai ga ribar lokaci a babban layin ba, zai zaɓi tasin da za ta kai shi kai tsaye ko da an matse shi. Kuma masu ƙananan motocin da 'yan ƙungiyarsu mutane ne masu iyali da ƙuri'a. Legas ta gane haka, layinta na farko ƙungiyar direbobi ta NURTW aka ba ta gudanar da shi ta hanyar haɗin gwiwa. Dakar ta ƙasar Senegal ta bi a hankali: tun 2005 ta fara tattara masu tsofaffin motoci cikin ƙungiyoyi tana ba su matsakaitan bas ƙirar Tata a kan bashi, da tikiti da tsayayyen layi. Sai a 2024 ta buɗe hanyar kilomita 18 daga Gejawaye zuwa tashar Petersen, da motoci masu gwiwa masu aiki da lantarki.

In da za a tambaye ni abin da ya dace da hanyar Keffi a yau, ba zan ce mai gwiwa ba, ba kuma zan ce mai bene ba tukuna. Safa mai mita 12, mai ƙofa biyu masu faɗi, mai yawan kujeru, ƙira ɗaya daga kamfani ɗaya da zai buɗe rumbun kayan gyara a Abuja, ita ce daidai. A fara da ƙirga mutane a gadar Nyanya awa bayan awa, Litinin daban Juma'a daban, domin ba a yanka riga ba a auna mai ita ba. A ware layi, ko da na awannin safe ne zuwa ciki da na yamma zuwa waje, a sa masu tsaronsa da ba sa ɗaga wa mai jiniya ƙafa. Ranar da aka ga safa na tashi duk minti ɗaya a cike kuma tasha ta kasa ɗaukar ƙari, ranar ce mai gwiwa ta zama larura, kuma a lokacin akwai hanyar da za ta bi da kuɗin da za a saye ta.

An gina sababbin tashoshi a Kugbo da Mabushi a zamanin minista Nyesom Wike, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 ya dawo aiki a 2024, amma layinsa Idu da filin jirgin sama da Kubwa ya nufa, bai leƙo gabas ba. Kugbo kuwa tana gaba da inda cunkoson ke farawa. Mafi yawan masu sammakon nan a Nasarawa suke kwana, a ƙaramar hukumar Karu, inda ikon ministan Abuja ya ƙare a kan iyaka. Titin na gwamnatin tarayya ne, tashoshin bakin hanya kuma na ƙungiyoyin direbobi da ƙananan hukumomi. Layin da za a ware wa safa, in zai yi amfani, sai ya faro daga Masaka ya ratsa kasuwar Mararaba da ta cinye kafaɗar titi, ya tsallaka iyaka ba tare da ya yanke ba. Wannan na buƙatar sa hannun minista, da gwamnan da ke Lafiya, da ma'aikatar ayyuka ta tarayya, su kuma amince a kan wanda zai riƙe asusun kuɗin tikiti.